Man da Ba Ya Shiga Jarka: Yadda Ake Adana Haidirojin a Cikin Mota

Daga Gaya zuwa Bana, ko ka bi hanyar Kamba, ba ka yin nisa ba ka ga tebur a bakin titi da kwalabe jere a kansa ba, rana na dukansu, man ciki na ƙyalli. Mai kabu-kabu ya tsaya, wani lokaci ko injin bai kashe ba. Yaro ya ɗauko mazurarin da aka ɗaura wa tsumma don tace ƙura, ya kifa kwalba, ya jira ɗigon ƙarshe, ya karɓi kuɗinsa. A bayan teburin ga jarkoki masu cin lita 25, waɗanda a da man girki ne a cikinsu. Manomin rake kuwa a gorar ruwan sha yake sayen nasa, ya rataya a babur, ya kai wa injin ban ruwa a fadama. Duk wannan ciniki na ruwa-ruwa, da dubban gidajen da ke ci daga gare shi, a kan hali ɗaya na fetur ya tsaya. Fetur ruwa ne, inda ka zuba shi nan zai zauna ya jira ka. Hatta ɗanyen man da ke bi ta bututun Agadem, ya ratsa jihar Dosso ya gangara Sèmè a gaɓar tekun Benin, tafiyar kusan kilomita 2,000, wannan halin ne ya sa turo shi bai gagara ba.

Sauƙin nan ya sa mun raina mazubi, kuma mun sha biyan kuɗin rainin da rayuka. A Mayun 2019 tankar mai ta faɗi kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka fito da bokitai, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu. A Satumban 2023 wani ɗakin ajiyar man sumoga ya kama a Sèmè-Kraké, kan iyakar Benin da Najeriya, ya ci sama da mutum 30. A Oktoban 2024, a Majiya ta jihar Jigawa, wata tankar ta kama wuta, waɗanda suka rasu sun haura 150. Wannan fa man da muka sani ne, mai wari, mai launi, wanda ido ke ganin inda ya malala.

Yanzu ga wani makamashi da manyan ƙasashe ke ta zuba wa kuɗi, iskar haidirojin, wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin alamomin nan. Mai karatu a Bana yana iya cewa ina ruwansa, tunda ko a Yamai babu gidan man da ke sayar da ita. Gaskiyarsa. Amma mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin inda tsofaffin motocin Turai da kayan gyaransu ke ƙarewa. Shekara da shekaru ƴan Kwatano ta gadar Malanville suke haurowa, kuma ko da gadar ta daina ganin jerin gwanon da ta saba tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya ba sa rasa hanya. Na biyu, ƙanwar haidirojin ta riga ta iso maƙwabta. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a Mayun 2023, gwamnatinta ke tura direbobi su koma matsattsiyar iskar gas ta CNG, wadda ake ɗura wa a silinda a but ɗin mota. Na uku, tun 2021 Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai na cikin jami'o'i huɗu, tare da na Lome, Abidjan da Dakar, masu koyar da digiri na biyu kan makamashi da haidirojin a ƙarƙashin cibiyar WASCAL, da tallafin Jamus. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haidirojin shi ne mafi rashin nauyi cikin duk sinadaran da Allah ya halitta. Iskar da muke shaƙa ta ninka shi nauyi sau 14. Ba kasafai ake samunsa shi kaɗai ba, yana ɗaure ne cikin ruwa, cikin fetur, cikin gas, sai an kashe makamashi an ɓalle shi. Mafi yawan wanda duniya ke amfani da shi yau daga iskar gas da gawayin ƙasa ake ciro shi. Wanda ake yi wa kirari da mai tsabta kuwa ruwa ake tsagawa da lantarki: kilo ɗaya na bukatar lita 9 ta tataccen ruwa da yunit 50 zuwa 55 na wuta, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa.

Mota na cin sa ta hanya biyu. Ko a ƙona shi a inji mai fistan kamar yadda ake ƙona fetur, ko a tura shi cikin wani akwati mai ɗaruruwan faifai a jere, inda yake haɗuwa da oksijin na iskar waje ba tare da harshen wuta ba, a samu lantarkin da ke juya tayoyi. Abin da ke fita ta salansa ruwa ne. Toyota Mirai da ta fito a 2014 da Hyundai Nexo ta 2018 duk ta hanya ta biyu suke aiki. Wannan ɓangaren injiniyoyi sun daɗe da shawo kansa. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin zuba man.

In a sikeli za a auna, haidirojin ba shi da na biyu: kilo ɗaya nasa na ɗauke da ƙarfin kusan kilo uku na fetur, wato kimanin lita huɗu. In a mudu za a auna, ba abin da ya kai shi cin wuri. Wannan kilo ɗayan, in an bar shi yadda yake, sai ya cika lita 11,000. Mirai ta 2020 na ɗaukar kilo 5.6 ta yi tafiyar kilomita kusan 650, abin da zai kai mutum Yamai daga Gaya ya dawo da shi. Amma kilo 5.6 ɗin nan, ba tare da dabara ba, ya zarce lita 60,000, ko cikin tanka guda ba zai shiga ba. Duk ilimin adana haidirojin ƙoƙari ne na cusa wannan tulin cikin ɗan wurin da ke ƙarƙashin kujerar baya.

Dabarar da ta yi nasara a kasuwa ita ce matsi. Mai faci ya san ma'aunin, shi ne abin da yake kira kilo in yana ba taya iska, masana kuma suna ce masa bar. Tayar ƙaramar mota bar 2 ce da ɗan ɗori. Ta tirela kamar 8. Tukunyar gas ɗin girki, ko rana ta dake ta, ba ta cika wuce 10 ba. Silindar CNG 200. Bas da manyan motoci masu haidirojin 350 suke ɗauka, ƙananan motoci kuwa 700. Ma'anar bar 700 ita ce, kowane ɗan fili a bangon tukunyar da bai fi faɗin farcen yatsa ba yana tare nauyin kilo 700, dare da rana, mota na tafiya ko tana tsaye. Da duk wannan wahala, lita ɗaya ta tukunyar giram 40 kawai take riƙewa, ƙarfin da bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai na litar fetur ba. Shi ya sa Mirai ke da tukwane uku da suka haɗa lita 142, Nexo ma uku, manyan motocin Hyundai XCIENT da suka fara aiki a Suwizalan a 2020 kuwa bakwai suke goyo a bayan kan direba, kilo kusan 31, don tafiyar kilomita 400.

Da za a ƙera irin wannan tukunya da zallan ƙarfe, nauyinta kaɗai zai durƙusar da motar. Akwai kuma wata illa da ta fi nauyi muni. Ƙwayar haidirojin ƙanƙanuwa ce ƙwarai, tana kutsawa cikin jikin wasu nau'o'in ƙarfe, musamman mai tauri da wurin da aka yi wa walda, ta zauna a ƙananan tsagogin da ido ba ya gani. A hankali ƙarfen ya rasa danƙonsa. Ƙarfe mai lafiya in ya gaji lanƙwasa yake yi, ya kumbura, ya ba ka alama. Wanda haidirojin ya ci tsinkewa yake yi farat ɗaya.

Saboda haka tukunyar motocin zamani roba ce daga ciki, wani siririn bango mai hana iskar zurarewa. A kanta na'ura ke naɗa zaren kabon da aka jiƙa da danƙo, zagaye kan zagaye, wani a gicciye wani a karkace, har kaurin bangon ya kai na yatsa ko ya fi. Daga waje a ƙara rufin zaren gilashi don tare tsakuwa da karce. Ƙarfe a baki kawai yake, inda bawul ke zama. Ba ta da kusurwa, doguwa ce mai zagayayyun kawuna, domin matsi kusurwa yake nema ya fasa. Wannan ma ciwon kai ne ga masu zana mota, tunda tankin fetur ana iya lanƙwasa shi ya bi kowane lungu, ita kuwa sai dai mota ta bi ta. Kuma da duk rashin nauyin zaren kabon, tukwane biyu na Mirai ta farko sun kai kilo 87, don su riƙe kilo 5 na mai. Mazubin ya ninka abin da ke cikinsa sau 17.

Kafin a amince da samfurin tukunya, sai an matsa mata har ta fashe a ga ko ta jure fiye da ninki biyu na matsin aikinta. Ana cika ta a sauke sau dubbai, ana jefo ta daga sama, ana harbin ta da bindiga, ana hura wuta a ƙarƙashinta. A bakinta akwai wani ɗan toshi da ke buɗewa da kansa in zafi ya kai wajen digiri 110, ya saki iskar ta fice kafin bango ya gaza. Duk wanda ya toshe wannan ƙofa, ko ya musanya ta da wani kusa don ya ga ta yi masa kama da wurin yoyo, ya cire abu ɗaya da ke tsakanin gobara da fashewa.

Ɗurawar ma ba ta hannu ba ce. Bakin tiyo na kulle kansa a jikin motar, motar na aika wa famfo labarin zafi da matsin da ke cikinta. Iska in ana danna ta zafi take yi, wanda ya taɓa taɓa famfon keke bayan ya ba taya iska ya san haka. Dokar tukunyar ita ce kada cikinta ya wuce digiri 85, don haka gidan man ke sanyaya haidirojin zuwa digiri 40 ƙasa da sifiri kafin ya shiga, a cika mota cikin minti uku zuwa biyar. A auna wannan da bazarar Gaya, lokacin da ko a inuwa zafi ke haura 40. Injin matsi da injin sanyaya duk wuta suke ci ba ƙaƙƙautawa, a Nijar, ƙasar da ta ga abin da ya faru a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin lantarkin da ke shigowa. Matsin kaɗai na lashe kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin man.

A nan ne nake ganin babban haɗarin yake gare mu, domin ya ci karo da abin da muka fi alfahari da shi. Makanikanmu da masu waldarmu gwanaye ne, su suka riƙe motocin da masu ƙera su suka daɗe da mantawa da su. Kai wa mai walda tankin babur da ya huje ka ga aiki. Zai juye man, ya wanke da omo, ya cika shi da ruwa har wuya, ya bar wurin hujin kaɗai a sama, ya kunna wutar kabayit ya ɗiga masa dalma, ya miƙo maka yana cewa, "Alhaji, je ka, sai dai babur ɗin ya mutu ya bar shi." Kuma sau da yawa hakan ne. Wannan gwanintar a kan tanki mai riƙe ruwa take aiki. Tukunyar matsi ba ta da faci. In zarenta ya karce ya yi zurfi, in wuta ta lashe ta, in ruwan batir ya zuba mata, in mota ta yi karo da ita a ciki, hukuncinta ɗaya ne, a sauke ta a huda ta yadda wani ba zai sake amfani da ita ba.

An riga an ga misali da CNG, wadda matsinta bai kai sulusin na haidirojin ba. A Oktoban 2024, a birnin Benin na jihar Edo a Najeriya, wata mota ta tarwatse ana cikin ɗura mata gas, mutane suka ji munanan raunuka. Hukumomi suka ce silindar da ke cikinta haɗin walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. Tun kafin a yi maganar wuta, matsin kansa ya isa ya yaga mota. A ƙauyukanmu kuma an fara sabawa da juya injin ban ruwa da janareta su koma cin gas ɗin girki, abin da ke rage kashe kuɗi ƙwarai. Tsorona shi ne hannun da ya saba da bar 5 ya ɗauka bar 200 ko 700 ma ɗan ƙarin ɗauri da roba kawai suke bukata.

Dabara ta biyu ita ce sanyi. In aka sanyaya haidirojin zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri, ruwa yake zama, lita ɗaya ta riƙe giram 71 ba tare da wani babban matsi ba. Tankinsa bango biyu ne da aka zuƙe iskar tsakaninsu, kamar filas ɗin shayi, sai dai shi sanyi yake tsarewa. Kuma yadda shayin filas ke hucewa komai kyan filas ɗin, haka zafin waje ke samun hanyar shiga, ruwan ya riƙa tafasa a hankali, dole a bar tururin ya fita. Kamfanin BMW ya gwada wannan a 2006 da motoci kusan 100 da ya kira Hydrogen 7, masu ɗaukar kilo 8. In aka ajiye motar, kafin kwana ɗaya ta fara sakin iska, cikin kwana goma sha wani abu tankin ya kusa zama wayam, kuma an hana ajiye ta a rufaffen gareji. Mai ƙaramar mota ba zai yarda da man da ke gudu yana barci ba. Babbar motar da ba ta kwana wuri ɗaya kuwa lissafinta daban. A Satumban 2023 wata tirelar gwaji ta Daimler ta tashi daga Wörth ta isa Balin a Jamus, kilomita 1,047, kusan nisan Kwatano zuwa Yamai, da kilo 80 na ruwan haidirojin, ba ta ƙara ko ɗigo a hanya ba. Sai dai mayar da iskar ruwa na cinye kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinta. Abin dariyar kuma, litar fetur ta fi litar zallan ruwan haidirojin yawan haidirojin a cikinta.

Sauran dabarun ba su kama titi ba tukuna. Akwai garin wasu ƙarafa da ke tsotse haidirojin su riƙe shi a ɗan matsi kaɗan, in an ɗumama su su sake shi. Ya fi kowace hanya kwanciyar hankali, amma kilo 100 na garin da ƙyar yake riƙe kilo biyu. Ya dace da inda nauyi ba aibi ba ne, irin jiragen yaƙin ƙarƙashin teku na Jamus, ko motar ɗaga kaya da kamfanin Impala Platinum ya gwada a Afirka ta Kudu a 2016. Akwai kuma ɓoye shi cikin wani sinadarin, musamman amoniya, wadda ke zama ruwa a matsin bar 10 kacal. Manomi ya san danginta, domin da ita ake yin takin yuriya, kuma masana'antar takin Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 sai ta ciro haidirojin daga gas kafin ta haɗa buhu ɗaya. Amma amoniya guba ce, tana ƙona ido da huhu, shi ya sa aka fi hango ta a jiragen ruwa.

Sai batun wuta. Da an ambaci haidirojin, Turawa Hindenburg suke tunawa, jirgin balan-balan ɗin Jamus da ya ƙone a Amurka a 1937, mutum 36 suka mutu. Adalci shi ne a ce ta wani fannin ya fi fetur sauƙi. Ba ya malala a ƙasa ya bi kwata, ba ya jiƙa tufafi, ba wanda zai zo ɗibarsa da bokiti. A fili, da ya fita sama yake yi ya watse cikin daƙiƙoƙi. A ƙarƙashin rufi ne yake zama mugu, domin can saman kwano yake taruwa inda ba mai dubawa. Tururin fetur sai ya kasance tsakanin kashi 1 da 8 cikin 100 na iskar ɗaki yake kamawa. Haidirojin daga kashi 4 har 75 duk a shirye yake. Tartsatsin da yake bukata kuma bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wanda fetur ke bukata ba, irin ɗan tas ɗin nan da ke tashi in ka cire rigar leda a lokacin hunturu ya ishe shi.

Gas ɗin girki ana zuba masa sinadari mai wari don uwar gida ta ji yoyo. Haidirojin na mota ba a sa masa, domin sinadarin na kashe faifan da ke ba da lantarki. Saboda haka hanci ba ya jin sa, sai na'urar da aka dasa a motar, ko kunne in yoyon mai ƙarfi ne, don yana fita da shewa. Harshen wutarsa ma da rana kusan ba a ganin sa, ba hayaƙi, kuma ba ya dukan fuska da zafi daga nesa yadda wutar itace ke yi, mutum na iya takawa ya shiga cikinta. Ma'aikatan hukumar sararin samaniya ta Amurka a da tsintsiya suke miƙawa gabansu in suna zargin wuri, in bakinta ya kama sun san inda wutar take. Ga ƴan kwana-kwana ƙa'idar ita ce, in haidirojin na ci daga bakin tukunya, kada a kashe harshen matuƙar ba a iya rufe mafitar ba. A nisantar da jama'a, a riƙa jiƙa abin da ke kewaye, a bar shi ya cinye. Wutar da aka kashe iska na ci gaba da fita, gajimaren da zai fashe ake tarawa.

Kada a ɗauka sakaci namu ne mu kaɗai. A Yunin 2019 wani gidan haidirojin a Sandvika, kusa da Oslo a Norway, ya yi bindigar da ta sa jakunkunan kariya na motocin da ke wucewa suka buɗe. Da aka bincika, wani murfi ne a tukunyar ajiya ba a ɗaure kusoshinsa yadda ya kamata ba.

Akwai wata faɗakarwar da ta fi gaggawa, domin ita ta riga ta shigo wayoyinmu. Bidiyo na yawo a WhatsApp da TikTok na wata ƴar kwalba da wayoyi da ake haɗawa da batirin mota, wai tana ciro haidirojin daga ruwa, mota ta rage shan mai ko ma ta daina. Kumfar da ake nunawa gaskiya ce. Lissafin ne ƙarya. Wutar da ke tsaga ruwan daga batir take zuwa, batir daga dinamo, dinamo daga inji, inji daga fetur, kuma ƙarfin da za a samu in an ƙona iskar kullum bai kai wanda aka kashe wajen yin ta ba. Wani Ba'amurke, Stanley Meyer, ya yi suna da motar ruwa, har wata kotu a Ohio ta yanke a 1996 cewa zamba ce, ta sa ya mayar wa masu zuba jari kuɗinsu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mafi muni, abin da kwalbar ke fitarwa haidirojin ne gauraye da oksijin, haɗin da ba ya bukatar komai sai tartsatsi, ga shi an ajiye shi kusa da filogi.

In aka tambaye ni ko haidirojin ne zai gaji ruwa-ruwa a tsakanin Gaya da Bana, sai in ce ban ga alama ba. In ka ɗauki yunit 100 na wutar rana ka zuba a batirin babur ko mota, kimanin 70 zuwa 80 ke isa taya. In ka bi da su ta tsaga ruwa, matsi, jigila da sake mayarwa lantarki, da ƙyar 30 ke isa. Ko a Kalifoniya, inda aka fi ko'ina a Amurka yawan motocin, kamfanin Shell ya rufe gidajensa na ƙananan motoci a farkon 2024, masu Mirai suka shiga neman inda za su sha. Ga mai kabu-kabu, batir da faifan sola sun fi kusa. Inda haidirojin ke da hujja shi ne nauyi da nisa: tirela, jirgin ƙasa, motocin ma'adinai irin wadda Anglo American ta gwada a Mogalakwena a 2022 mai ɗaukar tan 290, da masana'antar taki.

Misalin da ya fi kusa da mu ma darasinsa ke nan. A 1987, a ƙauyen Bourakébougou da ke kimanin kilomita 60 daga Bamako, masu haƙar rijiyar burtsatse sun yi zurfin mita ɗari da ƴan kai, maimakon ruwa sai iska ta riƙa busowa. Wani ya leƙa da taba a baki, wuta ta tashi ta ƙone shi, aka sha fama kafin a toshe ramin. Bayan shekara ashirin da wani abu kamfanin attajirin Mali Aliou Boubacar Diallo ya buɗe shi, aka auna aka tarar kashi 98 cikin 100 haidirojin ne, kuma daga 2012 aka haɗa shi da janareta ƙauyen ya samu wuta. Abin ya yi araha ne don ba a ɗauke shi an kai ko'ina ba, daga rami sai inji. Masu haƙar rijiya a yankinmu su riƙe wannan: ramin da ke huro iska ba a gwada shi da ashana.

Ta inda na fi zaton haidirojin zai fara iso mana shi ne ta kwantenar kayan gyara da tulin ƙarafan ƴan gwangwan. Tukunyar motar na da wa'adi, galibi shekara 15, wasu 20, kuma a murfin wurin shan man Mirai an rubuta watan da ba a sake ɗura mata bayansa. Motocin farko na 2014 da 2015 wa'adinsu na cika wajen 2030, daidai shekarun da mota ke kaiwa kafin a loda ta jirgi zuwa Afirka ta Yamma. Motar ba za ta yi tafiya a nan ba, amma za a farke ta, kuma wata baƙar tukunya mai santsi, marar tsatsa, marar nauyi, za ta faɗo hannun wani ya ga ta dace da kwamfaresar faci ko silindar gas. Jami'in duwan, dillalin kayan gyara da mai yankan ƙarfe su lura da alamar H2 a jikin mota ko tukunya, da lambar 35 ko 70 MPa, wato bar 350 ko 700, da wayoyi masu launin lemo waɗanda ke ɗauke da lantarkin da ke kisa. Tukunyar da aka ce ba komai a cikinta kusan kullum da saura, domin motar ba ta barin ta ta ƙare ƙarƙaf. Kada a kwance bawul ɗinta, kada a sa mata injin yanka, kada a shigar da ita shago. A bar ta a fili nesa da wuta da yara, a sanar da ƴan kwana-kwana.